Malam Shitu Huɗu a Layin Tarakta

Bara da tarakta ta zo Gozaki saura kaɗan a ba hammata iska a bakin gona. Ƙungiyar manoman unguwar su Aƙilu ce ke ɗauko ta haya daga Malumfashi, kwana shida kacal, Aƙilu kuma shi ne direba. Mutum ne marar hayaniya, wanda ko akuya ta shiga gabansa sai ya tsaya ta gama tunaninta ta wuce. To amma kowa so yake a fara yi masa haro, kuma duk wanda aka bari a baya sai ya ce Aƙilu ya yi son kai. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne kawunsa, Malam Shitu Mai Albasa, ƙanen mahaifiyarsa.

Shi ya sa bana, tun kafin ruwan farko, aka zauna a ƙofar gidan shugaban ƙungiya Alhaji Mannir. Aka ce ga Fiddausi, 'yar'uwar Aƙilu, tana Funtuwa tana aikin kwamfuta, ta rubuta musu manhaja a waya wadda za ta riƙe layi. Kowa ya zo ya sa sunansa sau ɗaya, in ya sake sawa waya ta ƙi. Mutum goma sha takwas ne a ƙungiyar, tarakta na yin gona uku a wuni, kwana shida ke nan cif, kowa gona ɗaya.

Malam Shitu ne ya miƙe a taron, ya gyara hula.

"Ni dai ina da sharaɗi. Abin da waya ta ce shi ke nan. Ba direba, ba shugaba, ba ɗan'uwan kowa da zai taɓa layin. In za a taɓa, sai kowa ya yarda."

Aka ce an amince. Har da tafi.

Aka ajiye wayar ƙungiya a shagon Alhaji Mannir, kowa ya zo ya danna sunansa. Ranar Laraba da la'asar aka rufe, Aƙilu ya zo duba layin da zai bi. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Suna ashirin da ɗaya. Na uku, Shitu Mai Albasa. Na tara, Shitu Mai Albasa. Na sha huɗu, shi ne. Na sha shida ma, shi ne dai. Can ƙasa, lamba ta ashirin, ga sunan Inno.

Inno ita ce ƙanwar mahaifin Aƙilu, ita ta raine shi tun yana shekara biyar, ita ce kuma mahaifiyar Fiddausi. Mijinta ya rasu, gonarta ɗaya ce, a nan take shuka masarar da ke kai ta shekara. Ba ta shiga cikin maza, shi ya sa ta bari sai da shago ya yi sarari ta zo aka danna mata. Lamba ta ashirin kuwa, tarakta ta koma Malumfashi kafin a zo kanta. Ƙasar gonar ga tauri, in ba a yi mata haro wannan makon ba, shuka ta wuce ta.

Aƙilu ya samu kawunsa a gindin dalbejiya yana ɓare gyaɗa. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya nuna masa fuskar wayar.

"Kawu, na ga sunanka ya yi yawa."

"Ni ma na gani," in ji Malam Shitu, ko ɗagowa bai yi ba. "Abin ya ba ni mamaki. Ranar farko hannuna ne ya zame na danna sau biyu, sai na ga ba ta yi gardama ba. Na ce to bari in ga iyakar haƙurinta."

"Ai sau ɗaya aka ce, Kawu."

"An ce in ka sake za ta ƙi. Ta ƙi? Ni na haife ta da zan san abin da ke ranta? Wataƙila ta duba ta ga gonakina huɗu ne, tausayi ya kama ta." Ya watsa gyaɗa a baki. "Kai dai me aka ce a taro?"

"Abin da waya ta ce."

"Madalla. Ungo gyaɗa."

Aƙilu ya karɓi gyaɗar, don ba a mayar da hannun babba. Da ya koma gida ya tarar da Inno tana tsince irin masara a faifai, tana ware masu ƙwari. Ta riga ta ji labari, garin ba ya riƙe magana. Tambayarsa kawai ta yi ko fartanyarta ta dawo daga maƙera. Wannan tambayar ta fi masa zafi a kan a ce ta yi kuka.

Da safiyar Alhamis ya karɓi wayar a hannun Alhaji Mannir, ya ce zai kai a duba, ba zai taɓa layi ba. Ya hau mashin sai Funtuwa. Fiddausi tana wani shago a bayan tasha inda take koya wa matasa kwamfuta. Ta ga wayar, ta ga sunayen, ta riƙe baki.

"Yaya, wallahi na gwada ta. Sau goma na gwada, ta ƙi karɓar suna biyu."

"To a Gozaki ta saki jiki."

Ta buɗe kwamfutarta, ta yi ta gangarawa cikin wani rubutu mai launi-launi. Aƙilu ya zauna a benci yana kallon fanka. Can sai ya ji ta ce, "Kash!" ta dafe goshi, sannan ta fashe da dariya.

"Laifina ne. Matso ka gani."

"Ni da na tsaya a aji huɗu me zan gani?"

"Za ka gane. Ka san kantar Inno, inda take jera kwanoni?"

"Wadda in ka taɓa sai ta sani ko tana gona."

"Ita. To harshen da na rubuta manhajar nan da shi, sunansa Java. A cikinsa duk wani rubutu, suna ne ko gaisuwa, abu ne da ake ƙerawa a ajiye, ana ce masa String. Ɗauke shi kamar kwano da tuwo a ciki. Tuwon shi ne haruffan. Kuma hanyar samar da shi ba ɗaya ba ce. Ta farko, in rubuta sunan kai tsaye a cikin manhaja, tsakanin 'yan alamun nan biyu." Ta nuna masa inda ta rubuta "Shitu". "In na yi haka, kwamfuta tana da kanta irin ta Inno. Sai ta fara leƙawa. In akwai kwano mai wannan tuwon, ba za ta sake tuƙa wani ba, shi za ta miƙo mini. In na sake rubutawa a wani wuri, shi dai za ta sake miƙowa. Kwano ɗaya ne yake ta yawo."

"Kamar kwanon da ake kai wa maƙwabta abinci da azumi."

"Yauwa. Hanya ta biyu kuma, in sa wannan kalmar a gaba." Ta nuna wata 'yar gajeruwa, new. "Ita ma'anarta sabo. In na sa ta, na ce wa kwamfuta kar ta leƙa kanta, ta ɗauko sabon kwano fil ta zuba. Tuwo iri ɗaya, kwano daban. Akwai ma ta uku, wadda ake tara haruffa ɗaya bayan ɗaya kamar tsaba..."

"Tsaya a biyun. Kaina ba babba ba ne."

"To. Ni da nake gwaji a nan, da hannuna na rubuta sunayen a cikin manhaja, duk suka fito daga kanta. Na tambaye ta, wannan da wannan kwano ɗaya ne? Ta ce e. Na yi murna na aiko muku. Amma sunan da mutum ya danna da yatsansa a waya, kullum a sabon kwano yake zuwa. Kawu Shitu ya danna, ta duba, ta ga kwanon da ba ta taɓa gani ba, ta ce bismilla baƙo. Ya sake, ta sake cewa bismilla."

Aƙilu ya gyaɗa kai.

"Wato ba ta buɗe murfi."

"Ko sau ɗaya. Ban ce ta buɗe ba. Kwano na ce ta duba, ba tuwo ba. Layin rubutu ɗaya ne zan canza, in ce ta riƙa ɗanɗanawa. In kuma ƙara mata ta bi layin da ke ciki ta zubar da maimaici. Kafin ka sha ruwa na gama. Ba ni wayar."

Aƙilu bai miƙa ba. Ya mayar da ita aljihu.

"In na koma da layi ya canza, me Kawu zai ce? Ɗan Inno ya kai wa 'yar Inno waya, Inno ta hau sama. Ya samu abin faɗa har kaka. Kuma shi ya ce ba a taɓawa sai kowa ya yarda, shi ma cikin kowa yake."

"To ya za a yi? Ai ba zai yarda ba."

"Ki gyara, ki turo ya zauna a wayata. Kar a sa sai ya roƙa da bakinsa." Ya ɗan yi murmushi, abin da ba kasafai yake yi ba. "Yanzu dai a wajen waya, Kawu mutum nawa ne?"

"Huɗu."

"Ba ɗaya da ya zo sau huɗu ba?"

"A'a. Ita a saninta mutum huɗu ne daban-daban, sunansu ne ya zo ɗaya."

"Faɗa mini shi a murya, in ɗauka. Yadda kika faɗa ɗin nan, kar ki ƙara gishiri."

Akwai wata al'ada a ƙungiyar tun kafin a san waya. Hanyar gonaki tana da rami da ruwa ke haƙawa duk damina, tarakta ba ta iya haye shi sai an cike. Don haka ranar da ta rage kwana ɗaya ta iso, duk wanda sunansa ke layi yana ɗauko kwando goma na dutse daga bakin rafi, a kansa, ba aike ba wakili. Mata da marasa lafiya kaɗai ake ɗauke wa. Bana ranar ta faɗo Asabar.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka taru a ƙofar Alhaji Mannir don a raba aikin. Aƙilu ya nemi izini, ya ce ya je Funtuwa, bai taɓa komai ba, ga layi yadda yake. Sannan ya kunna muryar Fiddausi kowa ya ji: waya ba ta yi ƙarya ba, a saninta Shitu Mai Albasa mutum huɗu ne.

"Kun ji ko?" in ji Malam Shitu yana waige-waige. "Masu ilimi sun yi magana."

"Mun ji," in ji Alhaji Mannir. Shi da Malam Shitu tare suka yi wasan ƙasa, kuma tun a lokacin ba sa raga wa juna. Ya ɗaga wayar nesa da ido yana karanto rabon dutse. "Shitu na farko, kwando goma. Shitu na biyu, kwando goma. Na uku, goma. Na huɗu, goma. Malam, in ka koma gida ka shaida wa sauran, da hantsi ake farawa."

Wani daga baya ya kasa riƙe dariya.

"Wane irin zance ne wannan? Ni kaɗai ne!" in ji Malam Shitu.

"A'a, Malam," in ji Alhaji Mannir, "kar ka ƙaryata waya a gaban jama'a. Me aka ce a taro?"

Malam Shitu ya shafa gemu. Ya lissafa gona huɗu a ransa, ya lissafa kwando arba'in, ya ga har yanzu da riba. Ya ce Allah ya kai mu goben.

Kafin goben ta zo, gari ya ɗauka. Mai shayi ya ga Malam Shitu ya nufo shi, ya jera kofi huɗu. A sahun la'asar wani dattijo ya ce a matsa a bar wuri, su Malam Shitu sun iso. Wanda duk ya gamu da shi sai ya gaishe shi, ya amsa, a sake gaishe shi, har sau huɗu, a ce kar sauran su ji haushi. Da ya shiga gida, matarsa Hajiya Ummukulsum ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Malam, wanne ne daga ciki? In ba na farkon ba ne a koma zaure, ni shi na sani."

"Ke ma kin bi sahunsu?"

"Ni dai tuwon mutum ɗaya na tuƙa. Ku sasanta."

Asabar da hantsi aka hallara a bakin rafi. Malam Shitu ya zo da gammo mai kauri, ya naɗe wando, ya ce yau za a ga aikin mazan jiya. Aƙilu ne ke tsaye a bakin rami yana jan layi a ƙasa da tsinke, kowane kwando layi ɗaya. Goman farko Malam Shitu ya yi su yana waƙa. Sauran mutane suka cika nasu, suka koma inuwar mangwaro suka zauna, ba wanda ya tafi gida. Wa zai tafi?

"Shitu na farko ya gama, Allah ya yi albarka," Alhaji Mannir ya yi shela. "Ina na biyu?"

Malam Shitu ya harare shi, ya juya hularsa gaba ta koma baya, ya ɗauki kwando. Inuwa ta kaure da shewa.

"Wannan ya fi na farkon kyau!"

"Amma na farkon ya fi shi sauri."

A kwando na sha huɗu waƙa ta ɗauke. A na sha bakwai ya fara tsayawa a hanya yana duba sama kamar mai neman hadari. Rana ta take. Aƙilu yana kallon kawunsa yana haki a gangaren rafi, sai ya ji abin ya fara isarsa. Ba ya so tsohon ya faɗi. Ya ɗebo ruwa a moɗa ya tare shi a hanya, ya sauke masa kwandon da hannunsa.

"Kawu, sha."

Ya sha, ya zuba saura a ka.

"Saura nawa?"

"Ashirin da biyu."

Malam Shitu ya zauna a kan dutse. Ya daɗe yana kallon kwandon. Sannan ya yi ƙasa da murya.

"Kai Aƙilu, wannan waya taku, anya lafiyarta ƙalau?"

"Fiddausi ta ce tana da 'yar matsala. Kwano take dubawa, ba ta buɗe murfi."

"Ban gane ba, kuma ba na so in gane. Tana gyaruwa?"

"Tana gyaruwa. Sai dai an ce ba a taɓawa sai kowa ya yarda. Mutum sha bakwai sun yarda. Saura ku huɗu."

Malam Shitu ya dube shi da jan ido, ya ga fuskar Aƙilu ba alamar dariya, kamar mai karanta farashin taki. Ya miƙe da ƙyar, ya dafa ƙugu, ya taka har inuwar mangwaro.

"Jama'a," ya ce, "na yi nazari. Na'urar da za ta kalli mutum ɗaya, ɗan gari, wanda kowa ya san ubansa, ta ce shi huɗu ne, wannan ba abin yarda ba ce. Gobe sai ta ce Alhaji Mannir saniya ce. Ni na kawo shawara a gyara ta."

"Da yawun ku duka kake magana?" in ji Alhaji Mannir.

"Mannir, ka kiyaye ni."

A nan gindin mangwaron Aƙilu ya kira Fiddausi, ya sa ta a lasifika, tana faɗa yana dannawa, ya tura gyaran daga wayarsa zuwa ta ƙungiya. Layi ya ɗan ɓace ya dawo. Suna goma sha takwas. Shitu Mai Albasa na nan a lamba ta uku, shi kaɗai. Inno ta dawo ta sha bakwai. Alhaji Mannir ya miƙa wa Malam Shitu wayar ya ce ya gwada sa'arsa. Ya danna sunansa a hankali, harafi bayan harafi. Waya ta rubuto cewa wannan sunan yana cikin layi.

"Yanzu ta yi hankali," in ji shi. "Kwando takwas ɗin da na yi na banza fa?"

"Sadaka ce na biyun ya yi kafin ya rasu," wani ya amsa daga baya.

Tarakta ta iso Lahadi. Ranar Juma'a da hantsi Aƙilu ya shiga gonar Inno, ya yi mata haro a tsanake, har kusurwar da ke bayan tsamiya wadda bara ba a kai ba. Inno na tsaye a bakin gona da ƙwaryar iri a hannu, ƙasa na juyewa baƙa tana ƙamshi. Da ya kashe inji ta ce masa Allah ya yi albarka.

Sai da ya dawo gida cin abincin rana ta miƙo masa wata ƙwarya a rufe da faifai.

"Kai wa kawunka fura. An ce ƙugunsa bai saki ba."

Aƙilu ya samu Malam Shitu a gindin dalbejiya, ya miƙe ƙafa, ƙamshin man zafi na tashi. Ya durƙusa ya ajiye, ya ce saƙon Inno ne. Malam Shitu ya ɗaga faifan. Fura ce mai kauri, ta sha nono, ga ludayi huɗu an jera a ciki.

Ya kalli ludayan, ya kalli Aƙilu, dariya ta ƙwace masa. Ya zaro ɗaya ya miƙa masa.

"Zauna mu sha. Sauran biyun sun yi tafiya."